Zakara ya fige bayan kajina, ya ji wa ɗaya rauni: a raba su ko a yanka shi?

Maman Sadiƙ, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya dame ni. Ina da kaji biyar, dukkansu na gida ne, da zakara ɗaya irin Noiler, wato irin kajin zamanin nan masu girman jiki, wanda na sayo yana ɗan tsako, yanzu watansa bakwai. Gidanmu a Rijiyar Zaki yake, tsakar gidan kuma siminti ne, shi ya sa na sa aka kewaye musu wuri da waya a bayan ɗakin girki, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, nan suke wuni nan suke kwana. Tun da zakaran ya fara cara na lura gashin bayan kaji biyu yana ta raguwa, na ɗauka ƙuma ce, na share akurkin na zuba toka. Jiya da yamma na ga wake-waken cikinsu, wadda ta fi kowacce yin ƙwai, tana tafiya tana karkata. Da na kama ta na ɗaga fiffikenta na hagu sai na tarar fatar ta tsage kamar tsawon ɗan yatsana, jinin ya bushe ya manne da gashi. Bayanta kuwa babu gashi ko ɗaya, fatar ta yi ja, ƙeyarta ma a fige take. Maigidan ya ce a yanka zakaran kowa ya huta, ni kuma saboda 'yan tsaki masu girman jiki na saye shi. Mene ne abin yi?

Malam Habu, Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, lissafin ne bai daidaita ba. Abin da masu kiwo suka saba bi shi ne zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, ke kuwa biyar gare ki, kuma zakaran matashi ne da jininsa ke tafasa. Zakara mai ƙoshin lafiya yana iya yin barbara fiye da sau goma a wuni ɗaya, wani ma ya ninka haka, to idan aka raba wannan a kan kaji biyar kin ga kowacce ta ɗauki fiye da rabonta. Ki ƙaro sagarori huɗu ko biyar, za ki ga abin ya lafa.

Dakta Hauwa, Zariya:
Kafin a shiga maganar zakara, Maman Sadiƙ, kazar da ta ji rauni ita ce ta fi gaggawa. Ki fitar da ita daga cikin sauran yanzu, domin kaji idan suka ga jan nama ko jini sukan yi ta tsattsagar wurin har su kashe 'yar uwarsu, zakaran kuma ba zai daina hawanta don ta ji ciwo ba. Ki sa ta a kwando ko kwali mai tsabta a wuri mai inuwa, ki rufe da gidan sauro ko wani siririn ƙyalle saboda ƙudaje, don idan ƙuda ya yi ƙwai a raunin, cikin kwana ɗaya tsutsa za ta iya fitowa. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, sannan ki jiƙa wurin a hankali har busasshen jinin ya saki. Ki sa almakashi ki rage gashin da ke kewaye da raunin don kada ya riƙa shiga ciki. Daga nan ki shafa aidin da aka sirka da ruwa, ko maganin nan na GV mai launin shunayya, wanda ke da amfani biyu: yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma ɓoye jan wurin daga idon sauran kajin.

Tun da raunin ya riga ya kwana ya bushe, ba a ɗinke shi, a buɗe zai warke daga ciki. Wanda aka gani da ɗanyensa cikin 'yan sa'o'i ne likita kan iya ɗinkewa. Amma idan kika ji wari, ko kika ga wurin ya kumbura, ko kazar ta daina cin abinci, ki kai ta asibitin dabbobi, kada ki sayi maganin ƙwayoyin cuta da ka, domin wasu magungunan idan an ba kaza akwai kwanakin da ba a cin ƙwanta.

Baba Ɗanjuma, Gumel:
Ni dai abin yana ba ni mamaki. Na haura shekara arba'in ina kiwon kaji, mahaifiyata ma da su na tashi na gan ta, ban taɓa ƙirga kaji nawa ke gaban zakara ba, kuma ban taɓa ganin zakara ya tsaga kaza ba. Wani lokaci ma zakaru uku ne a gidan da kaji shida. Ku dai 'yan birni kun mai da kiwon kaza kamar aikin asibiti. 'Yata, ki shafa mata baƙin mai a wurin, ki buɗe musu ƙofa su fita kiwo, shi ke nan.

Dakta Hauwa, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarka gaskiya ce da ta fi duk abin da aka faɗa a nan nauyi, rabin kuma ina roƙon a yi mini afuwa in saɓa. Baƙin man inji guba ne, akwai ƙarafa da dattin ƙonewa a cikinsa, yana ƙona naman da ke ƙoƙarin haɗewa, kazar kuma za ta sa baki ta gyara gashinta ta haɗiye shi, ga shi ƙwanta yara ne ke ci. A bar shi a gareji.

Inda ka yi gaskiya shi ne batun sakin kaji. Dalilin da ya sa ba ka taɓa ganin irin wannan rauni ba shi ne kajinka suna da wurin gudu. Kazar da ba ta so sai ta shige ƙarƙashin rumbu, ko ta haye danga, ko ta ɓace cikin karan dawa, zakaran ya haƙura ya nemi wata. Ban da haka, kazar gida a ƙauye tana yin ƙwai goma sha wani abu sai ta kwanta kwanci kwana 21, sannan ta yi makonni tana jan 'yan tsaki, duk tsawon wannan lokacin ba ta yarda da zakara, bayanta yana hutawa. Na uku kuma, zakarunka da kajinka iri ɗaya ne, nauyinsu bai yi nisa da juna ba. A wurin Maman Sadiƙ duk ukun nan babu ko ɗaya. Wurin mita 3 ne a mita 2 babu maɓoya, ƙwan ana kwashewa kullum, zakaran kuma Noiler ne. Wannan irin, da kamfanin Amo ya samar a Awe ta jihar Oyo, an yi shi ne don nama da ƙwai, zakaransa idan ya girma yakan kai kilo uku zuwa huɗu, alhali kazar gida da ƙyar take wuce kilo ɗaya da rabi. Idan ya hau ta, yakan kama gashin ƙeyarta ko zankonta da baki, ya tsaya a bayanta yana tattaka ƙafa don ya daidaita. Bayan nata ya yi masa ƙanƙanta, sai ƙafar ta zame ta gefe, farcen ya bi haƙarƙari ya ja fatar. Muddin akwai gashi, gashin ne ke karewa. Ranar da gashin ya ƙare, fata ce ke karɓar farcen, kuma shi ya sa ake yawan samun tsagar a ƙarƙashin fiffike inda ido ba ya kaiwa.

Baba Ɗanjuma, Gumel:
To Likita, na ji batun man, na janye. Amma kin dai tabbatar da zancena, kulle ne ya jawo. Kaza ba dabbar ɗaki ba ce.

Maman Sadiƙ, Kano:
Baba, da ina da hali da na sake su. Ƙofar gidanmu titi ce, babura ba sa tsayawa, maƙwabciyata kuma ta taɓa yi mini magana a kan kashin kaji a dandamalinta. Shekarar da ta wuce na gwada sakin su, cikin wata ɗaya biyu suka ɓace, ban san ko mota ce ko hannu ba. Likita, na gode, na ware ta na wanke wurin kamar yadda kika ce, ta ci dusa ta sha ruwa. Malam Habu, ina tunanin shawararka ta ƙaro kaji.

Hajiya Rabi, Maraɗi:
'Yar uwa, kada ki yi saurin ƙaro kaji. Da girmamawa ga Malam Habu, shawararsa ta dace da mai fili ne. Wurinki gaba ɗaya murabba'in mita shida ne, yanzu ma kaji shida ne a ciki, wato kowanne da ƙyar ya sami mita ɗaya. Idan kika mai da su goma sha ɗaya, kin magance hawan zakara kin jawo cunkoso, su fara figar juna da kansu, ga warin kashi ga cuta. Sannan sababbin kajin da aka sayo daga kasuwa, musamman da hunturu lokacin da annobar kaji ke yawo, sai an ware su mako biyu zuwa uku kafin a haɗa, ke kuma ba ki da wurin warewa.

Abu na biyu, yawan kaji ba ya hana zakara zaɓe. Na taɓa riƙe kaji goma sha biyu da zakara ɗaya, lissafin ya cika har ya yi rara, amma akwai wata ja mai sanyin hali da ya ɗora wa ido. Ita da ta ga ya nufo ta sai ta durƙusa ta buɗe kafaɗu, sauran kuwa sai ya sha gudu kafin ya kama su, to ya ga banza ya samu. Cikin wata biyu bayanta ya koma kamar an fige ta za a gasa, sauran goma sha ɗayan gashinsu lumui. Kin ce wake-wakenki ita ce ta fi yin ƙwai, to ba abin mamaki ba ne, kazar da ke cikin yin ƙwai ita ce ta fi saurin durƙusa wa zakara.

Malam Habu, Funtuwa:
Hajiya Rabi, ban yi la'akari da girman wurin ba, kin yi daidai. Amma ina nan a kan cewa kaji biyar sun yi wa matashin zakara kaɗan. Idan ba za a ƙaro kaji ba, ke nan sai a rage zakaran, kuma rabin zakara ba ya yiwuwa. Ina ganin maganar maigidanta ce mafita. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, balle zakaran da ya kai kilo uku, ai ya isa miyar gida guda.

Hajiya Rabi, Maraɗi:
Rabin zakara yana yiwuwa, Malam, ni ma shi nake yi shekara uku ke nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai. Gidajen gona masu dubban kajin ƙwai babu zakara ko ɗaya a cikinsu, kuma kullum ana kwasar kiret-kiret. Amfanin zakara shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Shi ma ɗin ba kullum ake buƙatarsa ba, domin kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta, barbara ɗaya takan wadatar da ƙwayayen da za ta yi na kwana goma har zuwa mako biyu. Saboda haka nawa zakaran keji na sa aka yi masa a jikin akurkin, waya ce kawai tsakaninsu, yana ganinsu suna ganinsa, yana cararsa yana kiransu idan ya ga tsaba. Sau biyu a mako nake buɗe masa, ya yi sa'a biyu ko uku a cikinsu ina kallo, sannan in watsa masa gero a kejinsa ya koma. Idan ba na shirin sa kwanci ma, sai ya yi wata guda ban buɗe ba. Ƙyanƙyasata ba ta ragu ba, kajina kuma duk da gashinsu.

Dakta Hauwa, Zariya:
Abin da Hajiya Rabi ta bayyana daidai ne a ilimance, kuma shi ne zan ba Maman Sadiƙ shawara ta bi. Sai dai a kula da abu biyu. Kejin ya zama mai faɗin da zai miƙe ya buɗe fukafukai ya zagaya, da inuwa da ruwa, ba kwandon kasuwa ba. Kuma kada a kai shi inda ba ya ganin kajin, don zakaran da aka kulle shi kaɗai yakan fito da zafin da ya fi na da. Ƙwan da aka yi tun daga kwana na biyu bayan barbara shi ake fara tarawa don kwanci.

Usman Tela, Kaduna:
Ni ɗinki ne sana'ata, kiwon kaji sha'awa ce. Wata ƙanwata ta nuna mini hoton rigar da masu kiwo a Ingila da Amurka ke sa wa kaza a baya, na ce wannan ai ba abin a sayo daga waje ba ne. Na yanko tsohon wandon jins, na fitar da shi kamar siffar allo, tsawonsa daga gindin wuya zuwa kusa da bindi, na ninka shi biyu, na sa roba mai taushi a kusurwoyin sama guda biyu, kowacce a zura fiffike ɗaya a ciki. Na faɗaɗa gefensa ya sauko ya rufe haƙarƙari, don nan ne farcen ke sauka. Ranar farko kazar ta yi ta tafiya da baya tana juyi kamar mai bori, yaran gida suna ta dariya, washegari ta manta da ita. Yadi mai santsi ba ya yi, ƙafar zakaran zamewa take ƙara yi, jins ko kaki shi ne daidai. Kowane tela zai iya yi da ragowar ƙyalle.

Baba Ɗanjuma, Gumel:
Ikon Allah! Yau ga kaza da riga. Saura hula da takalmi.

Dakta Hauwa, Zariya:
Baba, rigar tana aiki, sai dai ba ita ce maganin ba, kariya ce ta ɗan lokaci. Malam Usman, ina da ƙari a kai. Ba a sa ta a kan ɗanyen rauni, sai ya warke sarai, in ba haka ba zafi da danshi za su taru a ƙarƙashi wurin ya ruɓe. A riƙa ɗaga ta duk bayan kwana biyu ana dubawa, domin ƙuma da ƙwarƙwatar kaji suna son irin wannan maɓoya, robar kuma tana iya cin hammatar fiffike idan ta matse. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kaza ba ta gumi, ta haki da buɗe fukafukai take rage zafin jikinta, saboda haka jins ninki biyu a bayanta nauyi ne. A lokacin bazara gara a raba su da zakaran a cire rigar. Kuma rigar ba ta kare ƙeya da zanko.

Game da gashin, kada ki ƙosa, Maman Sadiƙ. Gashin da aka tumɓuke daga tushe yakan fara tsirowa cikin 'yan makonni. Wanda ya karye ya bar kututturensa a fata kuwa ba zai sake fitowa ba sai kazar ta yi zubar gashinta na shekara. Sabon gashin da ke tsirowa akwai jini a cikinsa, idan zakara ya taka ya karya shi zai yi ta zuba, to lokacin ne rigar Malam Usman ta fi amfani. Ki ƙara musu abinci mai gina jiki, kamar garin waken soya da aka gasa ko ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, don dusa zalla ba ta tsirar da gashi da sauri.

Malam Habu, Funtuwa:
Likita, ƙaimin zakaran fa? Na ga wasu suna sa filaya su murɗe shi su cire. Wasu kuma suna cewa a yi masa fiɗiya ya huce.

Dakta Hauwa, Zariya:
Zakara ɗan wata bakwai ƙaiminsa bai wuce ɗan tsiro ba, da wuya ya zama shi ne ya yi wannan tsagar. Faratan ne abin dubawa. Zakaran da ke tono a ƙasa faratansa kan dushe da kansu, wanda ke kan dandaɓe ko cikin keji kuwa sukan yi tsawo su yi kaifi. A kama shi da dare lokacin da ya natsu, a naɗe shi da zane a bar ƙafafun a waje, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya sa abin yanke farce ya cire tsinin kawai, sannan a goge bakin da magogin farce har ya yi mulmul. Akwai jijiyar jini a cikin farcen, idan aka haska da tocila ana ganinta ja-ja a farce mai haske, kada a kai gare ta. Idan an yi kuskure jini ya fito, a danna garin sitaci ko na masara a wurin har ya tsaya. Wata-wata ake maimaitawa. Ƙaimi idan ya girma shi ma tsininsa ake gogewa. Akwai ƙashi mai rai a cikinsa, murɗe kubensa da filaya yana barin ɗanyen wuri mai zafi da jini, kuma zai sake tsirowa, ban ga dalilin azabtar da shi haka ba.

Fiɗiya kuma a zakara ba irin ta bunsuru ba ce. 'Ya'yan marainansa a cikin ciki suke kusa da ƙoda, sai an tsaga tsakanin haƙarƙari ake kai gare su, kuma a kan ƙananan zakaru 'yan makonni ake yi, babba yana iya mutuwa da zubar jini. Ko an yi nasara ma, an rasa 'yan tsakin da aka saye shi dominsu.

Hajiya Rabi, Maraɗi:
Akwai kuma halin zakaran kansa, wanda gyaran farce ba ya canzawa. 'Yar uwa, ki zauna da yamma bayan la'asar, lokacin da suka fi yawan barbara, ki kalle shi. Zakaran kirki idan ya sami ƙwaro ko tsaba ba ya ci, sai ya riƙa ɗauka yana yarwa yana kiran kajin, sannan ya saukar da fiffike ɗaya ya zagaya kazar, idan ta durƙusa ya hau, idan ta wuce ya ƙyale ta. Matasa da yawa ba su iya wannan ba, cafka kawai suke yi, amma sukan natsu idan sun kai shekara. Wanda ya wuce shekara yana bin kaza har lungu yana saran kanta, yana hana ta ci da sha, to wannan kam ina bayan Malam Habu, tukunya ce wurinsa, kuma ba na son 'ya'yansa ma. A cikin akurkin ki jingina tsohon kwano ko katako a kusurwa, ki ɗaura sanda a sama mai tsayin ƙugu, ki sa mazubin abinci da na ruwa biyu nesa da juna, kazar da aka matsa wa ta sami inda za ta kauce.

Malam Habu, Funtuwa:
Ni dai har yanzu ina ganin asalin kuskuren shi ne haɗa ƙaton zakara da ƙananan kaji. Ko sau biyu a mako ne, nauyin nan yana nan. Da ni ne, in dai girman jiki nake nema, sagarorin Noiler zan sayo in haɗa su da zakaran gida, ko in sayi ƙwan da aka riga aka barbara in sa wa kazar gida ta kwanta a kai. Kazar gida ai ba ta da na biyu a kwanci, su kuwa waɗannan na zamanin ba su cika kwanciya ba.

Dakta Hauwa, Zariya:
Wannan hanya ce mai kyau, Malam, kuma ta fi sauƙi a kan kajin. Ga wanda bai riga ya sayi zakara ba, ita zan fara faɗa masa.

Maman Sadiƙ, Kano:
'Yan uwa, yau kwana tara da na kawo kukana, na ga ya kamata in dawo da labari. Raunin wake-wake ya yi ɓawo ya fara tsukewa, babu wari babu kumburi, jiya ma ta yi ƙwai a cikin kwalin. Da na duba sauran ɗaya bayan ɗaya na sami wata da ƙaramin karce a gefen dama, na shafa mata GV. Mai walda ya yi wa zakaran keji a jikin wayar, ni da Sadiƙ muka gyara masa farata da daddare, na ɗan taɓa jijiyar yatsa ɗaya amma garin sitacin ya tsayar da jinin. Maigidan ya yarda a ɗaga masa ƙafa zuwa Babbar Sallah, idan bai natsu ba a bi ta Malam Habu. Malam Usman, telan unguwarmu ya ce zai ɗinka rigar amma yana son awo. Daga gindin wuya zuwa bindin kazar na auna inci bakwai, to faɗin nawa zan ce masa, kuma robar ta kai inci nawa?